Telan Bilbis

Asuba ta yi a Bilbis, na tashi ban nemi sanda ba.
Gwiwa ta yi kuka kamar ƙyauren da bai ga mai ba,
na ce mata: haƙuri, tsohuwa, akwai tafiya a saura.

Daga masallaci sai in zaga ta bakin kasuwa,
in gaida masu sauke albasar Galmi,
taku dubu biyu, in ji lokotoro, kafin zafi ya fara.

Ya hana ni gishiri, ya hana ni kitsen rago,
ya ce in bar wa Agali shayin farko mai ɗaci.
Na ji, na bi. Abu guda na ƙi:
ba a haifi mai raba ni da fura ba,
ko shi ya sani, ya yi dariya bai ƙara.

Katina ya ce saba'in da biyar.
Wanda ya rubuta, haƙorana ya duba;
ni da na ƙirga damina, saba'in ne da tara.

Sha takwas a ciki na baro su Abijan,
ƙarƙashin rumfar kwano, ina ɗinka wa baƙi.
Na komo Tawa da keke guda, da tari,
da rediyon da tun a hanya ya daina ƙara.

Keken nan ya ɗinka rigar suna, ya ɗinka ta ango,
ya ɗinka wandon lakwal na rabin unguwa.
Ƙafa tana nan, hannu yana nan,
ido ne ya yi mini yaji, ya bar ni da kafar allura.
Sai jikata Mintu ta lashi zare ta zura,
ta ruga makaranta tana cewa ta makara.

Mu shida ne a gindin bedi.
Shifkau ya tafi da kaka, Asumane da azumi,
Hamidin ya kwanta da ciwon kai na kwana biyu.
Yanzu ni da Agali muke haƙa gurabu a rairayi,
wani lokaci mu manta wa ke da wasa a dara.

Damina uku ke nan da na yanka farin yadi
ban ɗauko magwaji ba, don awon yana hannuna.
Shekara arba'in da shida ina ɗinka mata,
wannan kaɗai ne ba ta ce in rage wuya ba.
Allah ya kai haske gare ki, Tsahara.

Ran Lahadi na sayo nawa, na yanke, na naɗe,
yana ƙasan akwati tare da ɗan turare.
Ɗana ya kira daga Yamai, muryarsa na rawa:
Baba, don Allah bar irin wannan.
Na ce: yaro, tela ne ni.
Na san kunyar safiyar Salla,
mai kaya a tsaye, kai kana cewa dawo gobe.
Ba na so ranar a ce da makara ta jira.

Tsoro? Akwai shi.
Yakan zo in an ɗauke wuta, dare ya yi tsit,
ya zauna a bakin gado kamar mai bin bashi.
Sai in buɗe masa littafi:
waɗanda nake bi, na soke;
waɗanda ke bi na, na biya;
iyakar gona da ƙanena, bara muka gyara.
Ragowar kuwa ba tawa ba ce,
tana hannun Mai rahama, duniya da lahira.

Gari ya waye kuma.
Ɗan maƙwabci ya kawo riga, maɓalli ya tsinke.
Ban san nawa ya rage a kwarkwaro ba,
Mai zaren ne ya san inda zai sa almakashi.
Mintu, ajiye jakar tukuna,
zo ki zura mini a allura.